Talabijin ɗin Sakatare

Akwai wani sakataren asibiti a garinmu, irin mutanen nan da ba a taɓa kawo zancen da ba su sani ba. Da aka tashi sayen allon duba hoton ƙashi, likitar sashen, Dakta Asabe, ta rubuta irin wanda ake buƙata. Na musamman ne, ba shi da wani girma, amma ko tsagewar ƙashi ta kai siririn gashi sai ya nuna ta. Ta ce kuma sai an kira masani ya saita haskensa da na'ura. Sakatare ya je kanti ya ga abin, ya taɓe baki, wai wannan ɗan mitsitsin? Sai ga shi ya dawo da ƙatuwar talabijin irin ta gidan kallon ƙwallo, ya sa aka kafe ta a bango. Saiti kuwa ya ce ba sai an kira kowa ba. Ya ɗauki rimot ya ƙure haske, har ƙashi ya riƙa ƙyalli kamar sabon kwano. Abin ya ƙona wa Dakta Asabe rai. Ta yi bayani har ta gaji, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, hoto ai hoto ne.

Kwana uku tsakani, sakatare ya zame a matakalar ofishinsa. Ƙafa ta kumbura suntum, aka tallabo shi yana nishi, duk tsoronsa kada ya ƙare da ɗingishi. Aka ɗauki hoto aka saka a talabijin. Ƙashi ya fito fari fat, ba abin da ake gani sai haske.

Dakta Asabe ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yallaɓai, a nan dai ban ga karaya ba."

Sakatare ya share gumi ya ce, "Likita, ki yi wa Allah ki sake dubawa. Da kunnena na ji ƙashin nan ya ce ƙas."

"Na yarda ka ji. Gani ne dai ban yi ba."

"To yanzu yaya za a yi da ni?"

Ta miƙa masa rimot ta ce, "Ungo, yallaɓai. Ko za ka nemo mana tashar da ake nuna ta."