Daddawar Mama Saraya

A shekarun tamanin, ina sabon malami a Azare, gidan haya ɗaya muke da Mama Saraya, wata dattijuwa daga kudancin Bauchi. Zazzaɓi ya kwantar da ita, maƙwabta suna ta kai mata koko da tuwo. Ni gwauro ne, ban iya dafa komai ba, sai abin ya hana ni sukuni. In shiga ɗaki, in fito, in koma. Dole ni ma in yi wani abu.

Na ɗauki tsintsiya na share mata ƙofar ɗaki. A bayan randa na ci karo da wata ƙwarya lulluɓe da buhu, tana wari mai hawa kai. Na ce a raina, ga tushen ciwon nan, duk gidan ni kaɗai na gano. Na juye ta a bola, na wanke ƙwaryar da sabulu har sau biyu, na kai mata ina murmushi.

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. "Malam, ina kalwar da ke ciki?"

"Ruɓaɓɓen abin nan? Shi ke sa miki zazzaɓi, na raba ki da shi, Mama."

"Daddawata ce. Gobe za ta nuna in kai kasuwa."

Na ruga bola, na tarar kaji sun riga ni.

Har ranar da na tashi daga gidan, da na fito tsakar gida sai matan gidan su ɗaga murya: "A ɓoye daddawa, ga likita nan!"