Buhun Irin Delu

Tsohuwa Delu da jikanta Jatau ne kaɗai a gidan. Jatau ƙato ne, sai dai abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. A shekarar nan gara ta cinye musu irin gero, ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Kullum Delu na duban sama.

Wata rana ta aike shi gidan ƙanenta Maikano roƙon iri. Ta ce, "In ya ce ka zaɓa, ɗauko dami mafi girma." Jatau ya wuce dammunan gero, ya kinkimo damin karan dafuwa, ko zangarniya ɗaya babu.

"Iya, duk gidan babu kamarsa."

"Girman banza, kai da shi. Nauyi ake dubawa."

Wata rana ta tura shi wurin yayarta Kande. Ya ɗaɗɗaga buhunan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana nishi da buhun kanwa. Delu ta ce, "Kanwa za mu shuka, don ubanka?" Ta ɗauki sanda ta tafi da ƙafarta, ta sha gori, ta samo rabin buhun gero. Daga shi babu wani.

Wata rana aka yi mata rasuwa a wani gari mai nisa. Kafin ta fita ta ce, "Ɗaga buhun nan ka ji. Yadda na bar shi da nauyinsa, haka zan same shi."

Kwana biyu da tafiyarta aka yi ruwa. Gari duk ya fita shuka. Maƙwabta suka yi ta fama da Jatau, shi kuwa ya zauna a kan buhu.

"In na shuka zai rage nauyi."

Da Delu ta dawo ta ga gonakin mutane sun tsiro, tata fayau, sai ta zauna a bakin gonar.

Daga nan sama ta ɗauke. Kwana ashirin da uku babu ɗigo, tsiron kowa ya ƙone. Ran da ruwan gaske ya sauka, Maikano ne ya fara sallama, da 'yar ƙwarya a hannu.

Jatau ya ce, "Iya, in an ɗiba zai rage."

Ta ce, "Tashi daga kai. Namu za mu fara aunawa."