Yadda Za Ki Zama Matar Da Ta Kai Maki Biyar a Hobart

Ke da kika biyo miji karatu, ya gama, bizarku kuma ta fara warin ƙarewa, matso kusa. Matakai bakwai ne, duk na taka su da ƙafata. Alkawari na ɗaukar miki: in kika bi su, ko dai ki zauna a ƙasar nan, ko a sa ki a jirgin komawa gida Kathmandu. Ɗaya daga ciki ba makawa. Ko Hemraj dai (a yarenmu dai yaya ke nan), ejan ɗinmu na biza mai ofis a saman shagon shinkafa, bai taɓa ba kowa tabbacin da ya kai wannan ba.

Mataki na 1: Ki shigo a matsayin kaya

Shi ne ɗalibi. Ke a takarda rakiya kika yo, kamar akwati. Bambancin kawai, akwati ba ya fita aiki. Ki nemi aiki tun makon farko. Ni gidan tsofaffi na samu: wanka, canza zanen gado, ɗura kunu da cokali, da wancan da ba a faɗa ana cin abinci.

Surukarki can gida a Chitwan za ta gaya wa maƙwabta ɗanta yana babban karatu a ƙasar waje. In an tambayi ke, za ta ce kina taya shi zama. Kada ki gyara mata. Wanda ya gama sakandare kawai ba ya gyara wa uwar mai digiri magana.

Mataki na 2: Kada ki zubar da kwalaye

Maigidana ya yi digirin akanta a Sydney. Ranar da ya sa hular gamawa aka ce akantoci sun yi yawa, ko mai wanke kwano a gidan abinci akanta ne. Hemraj dai ya ce kwamfuta ce mafita. Ya koma ya yi kwamfuta. Yana gamawa Hemraj dai ya ce ai manyan birane sun cika, a koma gefen ƙasa, can ake ƙara makin neman zama. Muka ɗaure tukunyar shinkafa da barguna a kwalaye muka taho Hobart, inda sanyi ke shiga ƙashi ya nemi wurin zama.

Wata biyar yana neman aiki da digiri biyu, ya ƙare a kai wa mutane abinci gida da mota. Ni kwana uku na yi na samu. Tsofaffi ba sa ƙarewa. Wannan kada ki faɗe shi a gabansa.

Mataki na 3: Ki je a faɗa miki farashinki

Zaman dindindin da maki ake samunsa, kin sani. Shekaru maki, Turanci maki, digiri maki. Abin da ba a gaya miki ba shi ne ke ma a cikin lissafin kike.

Hemraj dai ya juya bayan wata takarda ya zana mana. Gwauro, maki goma. Mai mata 'yar boko da sana'arta ke cikin jerin gwamnati, goma. Mai matar da ta ci jarrabawar Turanci, biyar. Da ya zo kaina sai ya zana ƙwai, ya zagaye shi sau biyu ko da wani bai gani ba. Duk bayanin maigidana yake yi wa. Ina zaune tsakaninsu, amma da ni da kujerar ban san wadda aka fi kallo ba.

Ya ƙara da cewa ranar da maigidana ya cika talatin da uku, a watan Agusta, maki biyar za su zube. Bizarmu kuma Nuwamba za ta mutu. Ki yi godiya, ki ɗauki jaka. A matakala mijinki zai ce kada ki damu, ba laifinki ba ne. Daga ranar kin san laifinki ne.

Mataki na 4: Ki faɗi jarrabawa sau biyu

Ba da mutum za ki yi magana ba, da kwamfuta ce. Ɗaki ɗaya, mutum goma sha biyar, kowa da abin kunne, kowa yana ɗaga murya kamar mai neman fasinja a tasha. Za a nuna miki hoton zane-zane a ce ki bayyana shi.

Uwarki ta raine ki a kan muryar mace ba ta tsallake ƙofar ɗaki. Ki riƙe tarbiyyar nan da kyau. Kwamfuta ba ta san kunya ba: kika ɗan yi shiru kina tattara magana, ta rufe kunnenta ta wuce. Karon farko na yi raɗa ta ba ni abin da ya dace da raɗa. Karo na biyu wani ƙaton ɗan Punjab ne a gefena yana bayanin amfanin gonar alkama, har yau ina jin rabin makin da na samu nasa ne.

A gida mijinki zai zaunar da ke ya riƙa nuna miki hotuna a waya kina bayani. Zai gyara miki kowace kalma. Shi ma sau huɗu ya zauna kafin ya ci, amma wannan tarihi ne, ba a tonawa.

Mataki na 5: Ki je naɗin momo gidan Menuka didi

Ranar Asabar da rana. Menuka didi ta girme mu, shi ya sa ake ce mata didi, wato yaya, takardarta ta zaman dindindin ta fito tun tuni, saboda haka ta san komai. Mata muna naɗa momo a tebur, ƙullin fulawar nan mai nama a ciki, maza suna falo suna ƙirga makin juna. Babu wanda zai tambaye ki lafiyar mahaifiyarki. Nawa kuke da shi yanzu, ita ce gaisuwa.

Nan mijinta, Bhim dai, zai kawo shawarar da kowa ya sani ba wanda yake son fara faɗa. A rabu a takarda. Ki koma gida, shi ya zama gwauro, goma ta shigo. Takarda na fitowa ya zo ya sake aurenki, a yi biki na biyu har da kiɗa.

Menuka didi ta dafa kafaɗata da hannu duk gari. "Takarda ce fa kawai, ƙanwata. Wa ya taɓa ganin takarda ta raba zuciya?"

Ni na gani. Akwai wata can gida a Butwal, shekararta huɗu tana jiran biki na biyu, mijin kuwa yana nan ƙasar a Darwin da wata nas da ɗa ɗaya. Duk wanda ke ɗakin ya san ta. Ranar dai kowa ya manta sunanta.

Ki jira mijinki ya yi dariya, ya ce Bhim dai ya cika wasa. Ki jira sosai. Nawa ya tsoma momo a yaji, ya tauna, ya haɗiye, ya ce, "Goma dai ba biyar ba ce."

Ki ci gaba da naɗi. Ki tabbata bakin kowane ya rufu ruf, kada nama ya fito. Mutane suna lura da irin wannan.

Mataki na 6: Ki ci jarrabawar, don ki ga ba ta isa ba

Karo na uku ki shiga da maganar nan a maƙogwaro. Aka nuna mini hoton yawan ruwan sama na wata ƙasa. Na yi wa kwamfutar nan tsawa kamar ita ta ci momon. Na gaya mata ruwan Maris, na gaya mata na Yuli, na gaya mata abin da ba ta tambaya ba. Mai gadin ɗaki har ta zo ta taɓa ni. Na ci.

Sai ki kai biyar ɗinki ku zauna jiran a kira ku. Ba za a kira ba. Agusta za ta zo, ki soya masa sel roti, soyayyen ƙullin shinkafarmu, na murnar haihuwa, biyar ɗin da kika shigo da su ta ƙofa su fice ta taga.

Daga nan zai fara duba kuɗin jirgi yana karkata waya. Kujera ɗaya. Kada ki ɗauka mugu ne, da mugu ne da an huta. Ya zauna bakin gado ya ce gonar shinkafar babansa ce ta zama digirin farko, da wane ido zai koma. Ya ce shekara biyu ce kawai, zan ga mahaifiyata, zan huta da wankin tsofaffi. Ya yi kuka. Ki lallashe shi. Shi zai rubuta miki takardar ajiye aiki, tunda Turancinsa ya fi kyau.

Mataki na 7: Ki kai takardar da hannunki

Noelene ce manajarmu, doguwa, kullum tabarau a tsakiyar kai tana neman su. Ta karanta, ta tambaye ni wa ya rubuta wannan, don ba maganata ba ce. Ta ce to wa zai yi wa tsohuwa Merle wanka, wadda ke cizon kowa ban da ni. Na ce biza ce. Ta dube ni kamar na ce ba mu da ruwa alhali muna tsaye a kogi.

Ashe gidan yana tsaya wa ma'aikatan da suka daɗe, in suna da sakamakon Turanci, su nemi biza da sunansu. Sanarwar tana manne kusa da butar shayi tun Ista. Na gan ta kullum. Na ɗauka irin takardun nan ne na masu digiri, ido ya saba tsallake su. Hemraj dai kuwa, shekara shida, bai taɓa tambayar aikin da nake yi ba. Ya san wankin tsofaffi ne, shi ya sa.

Noelene ta jawo fom. Layin farko sunana, a inda ake sa mai nema. Can ƙasa akwai wani ɗan layi na wanda zai biyo ki.

"Akwai wanda za mu sa a nan, 'yar nan?"

Ki yi shiru. Wannan shirun ba kwamfuta mai rufe miki kunne, ki ja shi yadda kike so. Na ja nawa har shayinta ya huce. Sannan na ce akwai shi.

"Wane shi? Ba shi da suna?"

A gidanmu mace ba ta kama sunan miji. Kakata ba ta kama ba, uwata ba ta kama ba, duk fom ɗin da aka cika tun zuwanmu shi ya cika. Na ce, "Tekendra." Bai yi nauyin da na zata ba. Na fara gaya mata digirinsa biyu ne, ta ce ba wurin rubuta wannan, suna da ranar haihuwa kawai ake so.

Ba ruwana

Ƙa'idojin nan suna canzawa fiye da iskar Hobart, wataƙila kafin ki kai nan an sake su. Ki tambayi wanda ya sani, ni wankin tsofaffi na iya. In an ƙi ki, ba ni ba ce. In an karɓe ki, surukarki ta gaya wa Chitwan takardar ɗanta ta fito, ba ni ba ce. In Menuka didi ta ce dama ita ta ba ki shawara, ko Hemraj dai ya fara tambayarki ya aiki, ko mijinki ya koyi dafa dal, miyar wakenmu, yana kallon ƙasa in kin shigo, duk ba hannuna.

Wadda kuma ke son sanin ko na yafe masa kujerar jirgi ɗayar nan, ta yi haƙuri. Na duba fom ɗin gaba da baya, ba su sa layin wannan ba.