Yaƙin Faranti Ɗaya

Da sunan Mai ciyar da tururuwa a raminta muke buɗe tarihin gwarzo Malam Tanimu ɗan Jatau ɗan Barau Maitaba, jikan wanda ya kori kura da tari yana cikin ɗaki a kulle, sadaukin Tudun Wada, garkuwar tsakar gida, wanda bai taɓa ja da baya ba sai in Hajiya ta ɗaga murya.

A shekarar da matarsa Hajiya Ladidi ta yi hijira zuwa Malumfashi jegon 'yarta, ta ɗora masa amanar magunan gidan, manya da ƙanana, musamman 'Yar Auta, wadda uwarta ta yaye tun haƙarƙarinta na waje. "Malam, a raba musu kwano," in ji ta. "In na tarar da 'Yar Auta ta rame, ni da kai ne."

Amma gwarzo ya yi nazari, ya yi ijtihadi, ya tuna kakanninsa da suka ci ciyayya a zaure hannu goma kwano guda, ya yanke hukuncin cewa raba kwano raba zumunci ne. Ya juye madara da kifi a faranti ɗaya, ya yi wa maguna huɗuba kan tausayin na ƙasa, ya ce bismillah.

Kafin ya rufe baki, Ƙaura, baƙin muzuru mai yagaggen kunne, azzalumin da bai san amin ba, ya dira tsakiyar faranti da ƙafa huɗu, ya make 'Yar Auta gefe.

"Yau ko ni ko kai, ɗan banza!" in ji Malam Tanimu.

Tsintsiya a dama, murfin tukunya a hagu, gwarzo ya kai hari ta gabas, ya ci karo da turmi, ya sake ɗamara ta yamma, igiyar shanya ta tuɓe masa hula, kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo, bai fasa ba har sai da ya kora abokin gaba kan katanga, inda muzurun ya zauna yana lasar gashin baki, ko a jikinsa.

Ya juyo da nasara, ya tarar sauran manyan sun suɗe faranti tas. 'Yar Auta kuwa babu ita babu alamarta. A nan fa jikan Barau ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin gado yana "mus, mus".

A kwanon abincinsa ya same ta, wanda maƙwabciya ta aiko ya bari a buɗe. Ta cinye kifin miyar, ta yi barci a kan tuwon, ciki ya yi tulu.

Ya buga wa Hajiya waya cikin taƙama. "'Yar Auta ta ci ta ƙoshi!"

"Madalla. Kai fa, Malam, ka ci?"

Malaman tarihi ba su ruwaito amsarsa ba.