Tsoho da Shafi Mai Fuska Biyu

"Lafiya lau, amarya. Yau kuma da wace ƙaryar kika zo mini?"

Haka tsohon kafintan ya tari jikarsa, ko zarto bai ajiye ba. Shagona na jikin nasa, ni kuwa kunnena ba ya zuwa hutu. Ita ce ta buɗe masa shafi a intanet wata uku da suka wuce, tun daga nan take taku kamar ita ta ƙera intanet ɗin.

"Ƙarya? Angona, godiya ya kamata ka yi. Duk wanda ya nemi kayan gida a waya, sunanka ne a sama."

"Shi ya sa jiya mutum huɗu suka kira ni suna neman firij? Wata har da injin wanki!"

"Dabara ce, ba za ka gane ba, kanka duk garin katako ne. Injin bincike yana zagayowa ya karanta kowane shafi. In shi ne ya zo, sai in nuna masa wani shafi daban, cike da firij da talabijin da gadon ƙasar waje. In mutum ne, sai ya ga kujerunka."

"Wato inji ya ga kanti, mutum ya ga tsoho da guduma."

"Tsoho mai haƙori uku ma."

"Huɗu ne, maƙaryaciya! Ko a nan sai kin yi coge."

Ta kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

"Mai injin wankin nan, kin san me ta kira ni? Macuci. Shekara arba'in da biyu ina sana'ar nan, ba wanda ya taɓa jifana da kalmar nan sai jiya. Ta yi mini ciwo, amarya."

Ta daina dariya, amma bakin bai mutu ba.

"Kai ma ai fenti kake shafawa ka rufe aibu."

Wayyo, ta taɓo inda ba a taɓawa! Tsoho ya sunkuci wata kujera ya kife ta a kan tebur.

"Duba ƙasan. Nan ba mai leƙawa, ko mai ita. Katakon sama shi ne na ƙasa. Nemo mini ƙusa ɗaya da ta karkace, in sake ki yau in auri kakarki sau biyu."

Ta shafa, ta leƙa, ta ƙara shafawa. Wallahi ni ma da nake maƙwabci sai da na ji kaina ya kumbura.

"In na cire wancan shafin, za ka faɗo shafi na tara a jerin bincike. Can ko ɓarawo ba ya zuwa."

"In kuma masu injin suka gano ki fa?"

"Sai su shafe ka gaba ɗaya," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"To a kai ni na goma sha tara, in dai ni za a tarar a ciki."

Ta zaro waya ta yi 'yan danne-danne, ta juya masa ita.

"Shi ke nan, na goge. Ka ci, tsoho, na sallama. Riƙe min kujerar a kife."

"Me za ki yi da ita?"

"Hoton ƙasanta zan sa a gaban shafin, da sunanka a kai."

Tsoho ya gyara hula, ya turo ƙirji, ya washe haƙoran nan huɗu.

"Kauce, angona," ta ce tana dariya. "Aikin ake son gani, kai ka riga ka karkace."