Jarkar Man da Na Kai wa Jirgi

Shekarar da anka ba mu jihar Kebbi, ɗana da ke Amurka ya aiko in je in yi wa matarsa wankan jego. Ƙanena Umaru ya karanta min wasiƙar: wai jirgin ba ya tsayawa ko'ina, daga Legas sai ƙetaren teku.

Na yi dariya. Mijina ya shekara talatin yana jan motar albasa daga Aliero zuwa Legas, bai taɓa kaiwa bai sha mai a hanya ba. To bisa ruwa ina gidan mai?

Ban shawarci kowa ba. Na sayi jarkar fetur a tashar Jega, na binne ta cikin buhun daddawa don wari ya danne wari.

A filin jirgin Legas, inda Umaru ya raka ni, wani mai kaki, Bahaushe, ya zaro ta. "Inna, mene ne wannan?"

Na ce, "Guzurin direbanku ne. In mai ya ƙare tsakiyar teku, kai za ka tura?"

Sunka tsare ni har anka fara kiran fasinjoji. Umaru ya yi ta rantsuwa yana gumi kafin sunka sake ni, ba jarka.

Jirgi dai ya kai, ban san da man wa ba. Umaru kuwa ya dawo ya baza labari. Har yau in na ratsa tasha, direbobi sai su ɗaga jarka: "Inna, jirgi ya mace bakin garin Maiyama, kawo ɗauki!"