Hammar Tukunyar Bibi Kazija

Ina durƙushe ina gaishe ta ƙarar ta zo. Na ce, "Sannu da dawowa, ya mai jego?" Ta buɗe baki za ta amsa ke nan sai muka ji ɓam daga can bayan gidanmu, kamar an doka gangar ƙarfe da taɓarya. Kaji suka watse. 

Kakata ce, Bibi Kazija, ita ta riƙe ni, ni Shaame, tun ina rarrafe. Abin da muke ci a gidan nan daga tukunyarta ta jan ƙarfe yake fitowa. A cika ta da ruwa da ganyen kanumfari, a hura wuta, tururi ya bi bututu ya ratsa randar ruwan sanyi, man ya taru a kwalba. Wata uku ke nan da na dawo tsibirinmu na Pemba da digirin kimiyya, aiki bai samu ba, na ce bari in riƙa taya ta. Ran nan ta tafi barka garin Wete, ta bar mini dahuwar ni kaɗai karon farko.

Muka zagaya. Tukunyar da mutum biyu ba sa iya rungume ta, ga ta nan cikinta ya lotse, gefe ya kusa taɓa gefe. Na zauna a kan itacen wuta. Bibi ta zagaya ta sau biyu, sannan ta tsaya ta kama ƙugu.

"Ango, na bar maka ƙatuwa da safe, na dawo na tarar ta yi azumin shekara. Me ka hana ta?"

Na san muryar. Idan ta kira ni ango, wasa ta buɗe, kuma wanda ya yi shiru shi ya faɗi. Na ce, "Tsufa ne, amarya. Dubi kumatunki, dubi nata. Sa'o'in juna ne."

"Kumatuna sun yi shekara saba'in kafin su lotse. Kai ka gama da nata tsakanin hantsi da azahar. Ina totuwata?"

A murfin tukunyar akwai wata 'yar huda da take toshewa da totuwar masara. Duk ranar duniya, idan ta janye wuta, sai ta zare totuwar ta ce, "To, yi hammarki." Ni na ɗauka irin surutun tsofaffi ne, kamar yadda take yi wa kaji faɗa.

"Na yar da ita," na ce. "Na sa matoshin roba, na kuma ɗaura famfo a bakin bututu. Ƙamshin da kike bari yana tsere mai ne yake tafiya a iska."

"Sai ka rufe duka biyun."

"Na rufe."

"Sai kuma me? Faɗi, ai na ga ƙasa a jiƙe."

"Na watsa mata ruwa bokiti biyu don ta huce da wuri. So nake ki dawo ki tarar na wanke komai."

"Allah sarki, mijin kirki. Ya toshe mata hanci, ya toshe mata baki, ya yi mata wanka. Shaame, ai gawa ake yi wa haka."

"Gyara na zo yi. Gidan nan an shekara hamsin ana asara ba wanda ya lura sai da mai ilimi ya iso."

"Garin neman gira an rasa ido ke nan. To mai ilimi, gaya mini da bakin jami'a, wa ya naushe ta? Don ni ban ga kowa ya shigo ba."

Abin haushin shi ne na sani. Na taɓa rubuta shi a jarrabawa har na ci. Na ce, "Tururi ne ya cika cikinta. Da ta huce sai ya koma ruwa, ya bar cikin fayau. Iskar waje tana da nauyi, ta nemi hanyar shiga ba ta samu ba, sai ta danne ta."

"Wato hamma ta so yi aka hana ta."

"Ba hamma ba ce, Bibi, matsin iska ne."

"Shekara huɗu ka yi a Darussalam kana cin shinkafar mutane don a gaya maka iska tana da nauyi. Ni totuwa ta gaya mini, ba ta karɓi ko sisi ba. Gobe zan kai ta a ba ta digirin, kai kuma in toshe hudar da kai."

"Kaina ba zai shiga ba, ilimi ya yi masa yawa."

"Zai shiga. Abin da ke ciki fayau ne, yanzu ka gama bayani. Ka dai riƙa buɗe baki kada iskar waje ta lotsa shi."

Na yi dariya, amma idona ya koma kan ganyen. A tsakar gida ga tabarmi shida shanye da ganye, na wata guda muna tsinta, ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas kullum da yamma. Idan ruwa ya sauka babu tukunya, ganyen nan taki zai zama. Ta ga inda nake kallo, ta ture ni da gwiwa.

"Tashi ka ɗaga murfin, ango. Kuka sai an ga gawa."

Da ƙyar murfin ya ɓalle. Na leƙa ciki ina neman tsaga, sai idona ya faɗa kan wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Ɓangaren da ke kallon bango duk tabon guduma ne, ƙanana ƙanana, sun yi baƙi don tsufa. Na shafa su da yatsa. Na ɗago.

"Amarya, wannan zanen fa?"

"Ado ne."

"Ado a ciki, inda ba mai gani?"

"Da can haka ake yayi."

"Bibi Kazija, wa ya fara hana ta hamma?"

Ta gyara mayafi, ta kalli sama, ta ce kaji ba su sha ruwa ba. Na tare hanya. Sai ta zauna a kan turmi ta fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke motsi.

"Satina biyu da kawo ni gidan nan. Ana kiɗan biki a ƙauyen gaba, kakanka ya ce ba inda za ni sai tukunya ta huce. Na cusa tsumma a bakin bututu don kada zanzaro ya shiga, na kwara mata ruwan wanki. Lokacin babu hudar ma. Ko ɗankwali ban gama ɗaurawa ba na ji ƙarar."

"Ashe."

"Uban Kombo, maƙerin nan namu, shi ya buge ta ta buɗe. Kakanka ya sa aka huda murfin, ya ce wannan ƙofar Kazija ce, tunda ba a iya toshe mata baki, kada a toshe wa tukunyarta."

"To ai ni gado na ci. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekara hamsin kina ɓoye laifi a bayan totuwa, kina ce wa mutane hikima ce."

"Hikimar ke nan, wawa. Kana tsammani daga sama take faɗowa? Ni dai biki na so zuwa, ina da dalili. Kai kuwa da digiri ka yi naka."

"Na yarda. Amma ke kika fara."

"Ni na fara," in ji ta, tana share hawayen dariya da bakin mayafi. "Yau ka ci, ango. Zauna in biya ka."

Ta shiga madafa ta fito da ayaba dafaffiya da madarar kwakwa, da wata sabuwar totuwa da ta huda ta zura wa zare. Ta rataya mini a wuya, ta ce takardar shaidata ce ta biyu, kada in cire sai na koyi zare ta kafin in taɓa wuta. Na ce zan sa a yi mata firam.

Da la'asar Kombo maƙeri ya zo da amalanken shanu. Ya daɗe da kai a cikin tukunyar yana ƙwanƙwasawa. Ya ce zai gasa ta ya tura daga ciki, amma ƙarfen da aka taɓa bugawa ya riga ya sirance, kuma sabon lotsin ya bi ta kan aikin mahaifinsa. Idan ya tsage a nan, babu gyara. Bibi ta ce masa ya yi a hankali, tukunyar ta saba da mahaukata. Amma da aka ɗora ta, amalanken ya juya, na ga ta bi shi har bakin hanya da hannunta a kan murfin.

Ya ce zai aiko mana da magana ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yau Alhamis. Mun kwashe ganyen mun shigar da shi ɗaki, totuwar tana wuyana, kuma har yanzu ba mu ji komai daga wurin Kombo ba.